Shari'ata Da Maigidana: Yadda Aka Kore Ni Daga Aiki A Maraɗi Da Yadda Na Nemi Haƙƙina

Ni haifaffen unguwar Bagalam ne a birnin Maraɗi, kuma daga shekarar 2011 zuwa ƙarshen 2019 ni ne mai riƙe da makullan mangazar wani kamfanin 'yan kasuwa da ke sarin shinkafa da taliya da man girki. Aikina shi ne in karɓi kaya idan kamiyo ya iso, in ƙirga buhuna da katan-katan da jarkoki, in rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a cikin rajista, sannan in sa hannu a kan takardar kowane direba. Albashina a shekarar ƙarshe jika 90 ne a wata, wato sefa 90,000. Ba a taɓa rubuta yarjejeniyar aiki tsakanina da kamfanin ba, amma kowane ƙarshen wata ana ba ni takardar biyan albashi, kuma maiɗakina takan karɓe ta ta adana a cikin akwatin da take ajiye takardun haihuwar yara.

Wajibi ne in faɗi tun daga farko cewa mai kamfanin ya yi mini alheri a shekarun da muka yi tare. Ɗana yake kirana, ni kuma Alhaji nake ce masa, kuma shi ne ya sayi ragon sunan ɗana na uku. Na ambaci wannan ne domin mai karatu ya gane nauyin abin da ya biyo baya, ya kuma gane dalilin da ya sa mutane da yawa suka ɗauki ƙarar da na kai a matsayin butulci.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma duk wanda ya san Maraɗi ya san abin da hakan yake nufi ga garin da kasuwancinsa ya dogara da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Kamiyoyi suka tsaya, kaya suka taru a mangaza babu masu saye, masu bin bashi kuma suka fara sintiri a ƙofar ofis. Ban taɓa musun cewa kamfanin ya shiga matsi ba, domin ni ne nake rubuta abin da ke fita, kuma na ga yadda shafukan rajista suka riƙa zama babu rubutu. Da Alhaji ya tara mu ya ce kasuwa ta ƙi, dole ya rage ma'aikata, da na karɓi hakan da hannu biyu.

A watan Oktoba zazzaɓin taifot ya kwantar da ni. Likita ya rubuta mini takardar hutu, ƙanena ya kai ta ofis, aka kuma karɓi makullan mangaza daga hannunsa aka ba wani ɗan uwan Alhaji. Daga kan gadon jinya na aika da roƙon a ƙirga kayan kafin makullan su sauya hannu, kamar yadda muka saba yi ko da tafiyar kwana ɗaya zan yi, amma aka ce mini in kula da lafiyata, babu abin da zai faru. Da na samu sauƙi na koma bakin aiki a watan Nuwamba, sai mai gadi ya tare ni a ƙofa, kansa a sunkuye, ya ce an hana shi barina in shiga. Manaja ya fito ya shaida mini a gaban 'yan dako da direbobi cewa an yi ƙirga an tarar buhu 60 na shinkafa sun ɓace, kuma Alhaji ya ce aikina ya ƙare.

Da yamma na same shi a ƙofar gidansa bayan sallar la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, abu guda nake roƙo, a ɗauko rajista a duba ranar da kayan suka fita, a ga ko makullan suna hannuna a lokacin." Bai dube ni ba ya ce: "Ka je kawai, na yafe maka, ba zan kai ka wurin 'yan sanda ba saboda zaman da muka yi." Wannan yafiyar ta fi mini zafi fiye da korar kanta, domin ba a yafe wa mutum sai abin da ya aikata, kuma da kalmar nan guda ya tabbatar mini da laifin da ba a tsaya an saurare ni a kansa ba.

Rashin albashi abu ne mai wuya, amma mutum yakan ci bashi ya rufa wa kansa asiri zuwa wani lokaci. Sunan ɓarawo kuwa babu wanda zai ranta maka abin wanke shi. Maraɗi gari ne da 'yan kasuwarsa suka san juna, suna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure da zaman makoki, saboda haka kafin mako ya zagayo labarin ya kai kunnen duk wanda zan iya neman aiki a wurinsa. Na je wurin wani mai mangaza a Sabon Gari wanda ya daɗe yana zawarcina in koma wurinsa, ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni shayi, sannan ya ce in bari ƙura ta lafa. Dangin yaron da ke neman auren 'yata ta fari suka ɗage ranar kawo kuɗin gaisuwa ba tare da sun faɗi dalili ba. Na kan zauna a sahun masallacin unguwarmu ina jin kamar kowa yana kallon hannuwana. Wanda bai taɓa riƙe amanar dukiyar wani ba zai yi wuya ya fahimci cewa amanar ita ce dukan jarin mai riƙe da makulli, kuma idan aka karɓe ta an karɓe sana'arsa gaba ɗaya.

Kawuna, wanda shi ne babba a danginmu, ya ɗauki dattawa biyu suka je wurin Alhaji neman sulhu. Suka dawo da ambulan mai ɗauke da jika 50 da wata takarda da aka ce in sa wa hannu, wadda take cewa na karɓi dukan haƙƙina kuma ba ni bin kamfanin komai. Kawu ya ce mini: "Ɗana, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka karɓi wannan ka bar wa Allah sauran, talaka ba ya shari'a da mai kuɗi, kuma gobe 'ya'yanka za su nemi aiki a garin nan." Na san don ƙauna ya faɗa, kuma maganarsa ba ta rasa gaskiya ba. Na ce masa: "Kawu, in da kuɗin ne kaɗai da na bi maganarka, amma a rubuta a takardar cewa ban ɗauki buhu ko ɗaya ba, ni kuma in sa hannu ko da babu dala a cikin ambulan." Aka koma da wannan sharaɗin, Alhaji ya ƙi, aka mayar masa da kuɗinsa.

Wani maƙwabcina, tsohon ma'aikaci wanda ya daɗe a cikin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, shi ne ya fara nuna mini cewa akwai hanya. Ya tambaye ni ko ina da wata takarda, maiɗakina ta ɗauko akwatinta, ya zauna yana jera takardun albashin bisa tabarma wata bayan wata, ya haɗa da kwafin takardar likita. Ya ce mini rashin rubutacciyar yarjejeniya ba ya hana mutum zama ma'aikaci a idon doka, domin ana iya tabbatar da aiki ta kowace irin shaida, kuma wanda ya shekara takwas yana aiki ana biyansa kowane wata ma'aikaci ne na dindindin. Washegari ya raka ni ofishin sufetocin aiki na jihar Maraɗi.

A can ne na fara jin abin da dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta tanada game da sallamar ma'aikaci. Sufeton da ya saurare ni ya yi mini bayani da Hausa, a hankali, har na riƙe. Mai kamfani ba shi da ikon sallamar ma'aikacin dindindin sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma dalilin dole ya shafi halin ma'aikacin, ko iya aikinsa, ko kuwa larurar da ta tilasta wa kamfanin. Akwai abubuwan da doka ta cire su daga cikin dalilai ɗungum, kamar juna biyu, da shiga ƙungiyar ƙwadago, da kai ƙarar maigida, da addini ko ƙabila, da rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda rashin lafiya. Jinyar da likita ya tabbatar tana dakatar da aiki ne har tsawon wata shida, ba ta yanke shi. Abin da ya fi ratsa zuciyata shi ne inda ya ce, idan laifi ake tuhumar ma'aikaci da shi, wajibi ne a ba shi damar kare kansa kafin a yanke shawarar korarsa, sannan a sanar da shi korar a rubuce tare da dalilinta. Abin da na durƙusa ina roƙo a ƙofar gidan Alhaji kamar alfarma, ashe haƙƙina ne da doka ta rubuta. Maƙwabcina ya ƙara mini da cewa wannan ƙa'ida tana cikin yarjejeniya mai lamba 158 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a Janeba a 1982, Nijar kuma ta rattaba hannu a kanta a 1985.

Sufeton ya kuma bayyana mini abin da ya kamata kamfanin ya yi in da gaske matsin kasuwa ne ya sa yake son rage mutane. Sai ya kira taro da wakilan ma'aikata tare da halartar sufeton aiki, ya bayyana dalilansa da yadda zai zaɓi waɗanda za a sallama, ya biya kowannensu haƙƙinsa da ƙarin albashin wata guda, sannan idan kasuwa ta farfaɗo cikin shekara biyu su ne za a fara kira. Kamfaninmu yana da ma'aikata fiye da ashirin, amma ba mu taɓa zaɓen wakilai ba, alhali doka ta wajabta hakan ga wurin da ma'aikatansa suka haura goma. A nan na fahimci amfanin tuhumar da aka yi mini, domin wanda aka kora bisa babban laifi, irin su sata, ba a ba shi wa'adi kuma ba a biyansa kuɗin sallama. A ganina, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba, an jingina mini ɓatan buhunan nan ne domin a rabu da ni ba tare da an biya komai ba, a kuma rufa wa wanda makullan ke hannunsa asiri.

Daga nan ya ɗauki alƙalami ya lissafa mini abin da nake bi bisa ƙa'idar da ake aiki da ita a lokacin. Ma'aikacin da ake biya wata-wata yana da wa'adin wata guda kafin a sallame shi, in ba a ba shi ba a biya shi albashin watan, wato jika 90. Kuɗin sallama kuma ana lissafa shi ne a kan matsakaicin albashin watanni goma sha biyu na ƙarshe: kashi 20 cikin ɗari ga kowace shekara a cikin biyar na farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma, kashi 35 ga abin da ya haura goma. Nawa ya kama jika 90 na shekara biyar da jika 81 na shekara uku, jimla jika 171. Ga kuma kuɗin hutun da ban ci ba, tunda ma'aikaci yana tara kwana biyu da rabi na hutu a kowane watan aiki, ga albashin kwanakin da na yi kafin in kwanta, ga takardar shaidar aiki wadda dole a ba kowane ma'aikaci ranar da ya bar wuri, kuma ba a rubuta komai a cikinta sai ranar shiga da ranar fita da irin aikin da ya yi. Diyyar kora ba bisa ƙa'ida ba daban take, kotu ce take yanke ta. Ya gargaɗe ni da kada in yi jinkiri, domin neman bashin albashi yana faɗuwa bayan shekara biyu.

Aka aika wa kamfanin sammaci domin sulhu. Manaja ne ya zo, ya maimaita maganar buhu 60. Sufeton ya tambaye shi takardar kora, ya ce babu. Ya tambaye shi takardar da aka nemi in yi bayani a kanta, ya ce babu. Ya tambaye shi takardar ƙirgar da aka yi ranar da aka karɓi makullai, ya yi shiru. Duk da haka ya ce an umurce shi kada ya wuce jika 100, kuma kada ya janye tuhumar. Sufeton ya rubuta takardar rashin daidaitawa, muka sa hannu, aka tura maganar kotu.

Na shiga kotun aiki da tsoro, domin a danginmu babu wanda ya taɓa kai ƙarar wani gaban alƙali. Na tarar ba a biyan kuɗin shigar da ƙara a shari'ar aiki, kuma doka ta yarda wakilin sandika ya tsaya tare da ma'aikaci, saboda haka ban ɗauki lauya ba. Alƙali yana zama ne da mataimaka biyu, ɗaya daga ɓangaren masu kamfanoni, ɗaya daga ɓangaren ma'aikata, kuma shi ma sai da ya fara gwada sasanta mu kafin a shiga shari'a. Lauyan kamfanin ya yi ta neman a ɗage zama, cutar korona kuma ta shigo ƙasar a watan Maris na 2020 ta dagula al'amuran kowa. A wannan tsakanin na riƙa sayar da albasa da tattasai a kasuwa da jarin da maiɗakina ta samu ta hanyar sayar da awakinta, muka cire ɗanmu daga makarantar kuɗi muka mayar da shi ta gwamnati. Wasu abokaina na wurin aiki suka daina amsa wayata, kuma ban riƙe su a zuciya ba, domin kowannensu yana da bakin da yake ciyarwa.

Ranar da aka umurci kamfanin ya kawo rajistar mangaza ita ce ranar da shari'ar ta juya. Rubutun hannuna ya tsaya a ranar da na kwanta, kuma ƙirgar da na rufe da ita ta dace da takardun direbobi buhu da buhu. Bayan wannan rana rubutun wani ne, akwai kuma kwanakin da kamiyo ya fita amma ba a rubuta komai ba, abin da littafin mai gadi ya tabbatar. Mai gadin nan, wanda ya tare ni a ƙofa, ya zo ya ba da shaida alhali yana sane da cewa aikinsa yana hannun wanda yake ba da shaida a kansa. Ina roƙon Allah ya saka masa da alheri, domin ni ba ni da abin da zan biya shi.

Kotu ta yanke cewa an kore ni ba bisa ƙa'ida ba, saboda ba a tabbatar da laifin ba kuma ba a ba ni damar kare kaina ba. Ta umurci a biya ni kuɗin wa'adi da na sallama da na hutu da ragowar albashi, a ba ni takardar shaidar aiki, ta kuma yanke mini diyya bayan ta duba shekaruna da daɗewata a aiki. Diyyar ba ta kai abin da muka nema ba, kuma idan aka cire bashin da na ci a tsawon shari'ar, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Biyan ma sai da jami'in zartar da hukunci ya je ƙofar kamfanin. Na ɗauki kwafin hukuncin na kai wa Kawu, jikansa ya karanta ya fassara masa, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce: "Alhamdu lillahi, ɗana, Allah ya wanke ka." Shi da kansa ya kai labarin gidan dangin yaron da ke neman 'yata, aka kuma ɗaura auren bayan sallar layya.

Akwai wani abu da shari'ar ta tono wanda ban je nemansa ba. A kowace takardar albashina ana nuna an cire kashi 5.25 cikin ɗari, wato sefa 4,725 a wata, domin asusun CNSS, wato asusun ma'aikata na ƙasa, wanda daga cikinsa ake biyan fansho idan ma'aikaci ya kai shekara 60. Da na je ofishin asusun na nemi a duba lambata, sai aka tarar kamfanin ya daina zuba kuɗin tun shekaru uku kafin korata, alhali bai daina cirewa daga albashina ba. Na miƙa musu kwafin takarduna, suka bi kamfanin, aka cike watannin da suka ɓace. Ina shawartar duk ma'aikacin da ake cire wa wannan kuɗi ya je da ƙafarsa ya duba tun yana bakin aiki, domin ranar da ya tsufa kamfanin yana iya kasancewa ya rufe.

Ba ni kaɗai aka sallama a wancan watan ba. Akwai direban da ya shekara goma sha ɗaya a kamfanin, wanda ya karɓi ambulan ya sa hannu a takardar da ni na ƙi. Na shaida masa abin da sufeton ya gaya mini, cewa sa hannu a kan kalmar an biya ni duka ba ya hana ma'aikaci neman ragowar haƙƙinsa, amma matarsa 'yar dangin Alhaji ce, ya ce ba zai raba zumunci a kan kuɗi ba. Akwai wata baiwar Allah mai karɓar kuɗi wadda aka ce ta zauna gida da cikinta ya fito, alhali doka ta ba ta hutun haihuwa na mako goma sha huɗu kuma ta hana a kore ta saboda cikin. Mijinta bai yarda ta shiga ofishin hukuma ba, maganar ta mutu a nan. 'Yan dako kuwa, waɗanda wasunsu sun riga ni zuwa mangazar, hannu da hannu ake biyansu kowace yamma, ba su da takarda ko guda, kuma da aka ce kada su dawo sai suka naɗe gammonsu suka koma bakin tasha.

Najeriya ta buɗe wasu iyakokinta a watan Disamba na 2020, kasuwa ta fara motsi, mai mangazar nan na Sabon Gari ya aiko a kira ni. Na kai masa takardar shaidar aikina da kwafin hukuncin, ya karanta su a gabana, ya miƙo mini makullai. Na roƙe shi abu uku kafin in karɓa: a rubuta yarjejeniya, a yi mini rajista a asusun CNSS, kuma duk ranar da makulli zai bar hannuna a ƙirga kaya a gaban shaidu biyu a sa hannu. Ya amince da dukansu, na kuma buɗe littafi na dabam wanda nake rubuta sunan kowane ɗan dako da ranakun da ya yi aiki da abin da aka biya shi, kowannensu yana dangwala yatsa a gaban sunansa a ƙarshen mako.